Saƙon da ya tsaya a ƙofa ta goma sha huɗu

Ruwa na tarar a ƙasar Holan, ruwa kuma na baro. Ba irin namu na Tsiga ba, da hadari zai haɗo, a yi tsawa, a sheƙa shi a gama, kowa ya ɗauki fartanya. Nasu yayyafi ne marar zuciya, ya wuni yana tsiyaya a kan mutum, bai jiƙa ka ba, bai kuma ƙyale ka ba. Ni Garba, ƙaramin ma'aikaci a gidan waya na Funtua, a zamanin da muke cikin jihar Kaduna, aka ɗauke ni aka jefa can kwas na wata goma, wai in koyo sarrafa sabuwar na'urar rarraba telgiram da za a kawo mana. Abokan aiki suna ta cewa na tsinci dami a kala. Ba su san abin da na baro a gida ba.

Na baro matata Hajara da cikin wata biyar. Shekararmu bakwai da aure, sau biyu abin yana leƙowa yana komawa. Akwai kuma wani buri da na ɗauka a raina ban faɗa wa kowa ba: in Allah ya ba ni 'ya mace, sunan mahaifiyata zan sa mata. Inna Bafulatana ce daga wajen Musawa, ta rasu ina shekara huɗu, danginta suka yi gaba da shanunsu. Yayana Mamman, wanda ke riƙe da gidanmu, ubanmu ɗaya amma uwa kowa da tasa. Duk faɗin gidan babu yarinya ɗaya da ke amsa sunan Inna, kuma na san in ban sa shi ba, babu mai sawa. To amma wa zai dubi yayansa ya yi masa zancen sunan abin da ke ciki, ɗan fari ma kuwa? Kunya ta ɗaure mani baki, tsoron yi wa Allah shisshigi ya ƙara ɗaurewa. Na taho da maganar a cikina.

Masaukina wani ɗaki ne a saman bene, kusa da tashar jirgin ƙasa. Sati biyun farko burodi da shayi suka riƙe ni, don duk naman da na gani a kanti sai in ga kamar alade ne yake mani gwalo. Wata rana ina yawo na leƙa kantin masu kiwon tsuntsu, sai ga gero a leda. Wallahi gero, irin wanda muke sussuka a gida. Na ɗauki leda uku. Matar kantin ta tambaye ni wane irin tsuntsu nake kiwo da yake ci haka, na ce mata babba ne, kuma baƙo ne a ƙasar. Na dawo ɗaki na rasa abin da zan niƙa shi da shi, na zauna ina shinshina shi kawai. Ƙamshin nan ya kai ni tsakar gida, har ina jin lugudensu Hajara a turmi. Ba zan ɓoye ba, ranar na yi hawaye.

Malaminmu wani tsoho ne, Mista Pita, dogo siriri, ba ya dariya sai da dalili. Shi ya fara nuna mana na'urar. Akwatuna ne na ƙarfe jere a ɗaki mai sanyi, kowanne ya fi ni tsawo. Aikinta shi ne karɓar telgiram daga ƙasashe, ta adana shi a kan wasu manyan fayafayai, sannan ta tura shi inda za shi in hanya ta samu. Ni dai rumbu nake kiran fayafayan nan. Kowane layi da ya shigo yana da tasa ƙofar mai lamba, kowace ƙofa kuma sai ka zauna gaban allo ka saita ta da hannunka: gudun da za ta yi, irin haruffan da za ta karɓa, da yawan saƙon da za ta riƙe kafin ta ce ya isa. In ka sa gudun wannan gefe ya saɓa da na wancan, sai takarda ta fito da shirme kamar kaza ta yi tono a kai. Na yi wannan ɓarnar sau uku a sati ɗaya. Mista Pita bai yi mani faɗa ba, sai dai ya yago takardar ya miƙo mani ya ce in karanta masa, ko yaren garinmu ne.

Da ya ji labarin geron nan, washegari ya zo mani da ɗan injin niƙa kofi na matarsa, ya ce in riƙe har in tashi tafiya. Da shi na yi kunun farko a ƙasar Turawa, ba tsamiya, lemun tsami na matsa. Na kawo masa a kwalba ya kurɓa, ya ce abin da ɗumi. Bai ƙara kurɓa ba, ni ma ban matsa masa ba.

Sai muka zo kan darasin da ya tsaya mani a rai, wato daraja. Kowane saƙo yana ɗauke da harafi a goshinsa. Daraja ta farko ta ceton rai ce, kamar jirgin ruwa da ke nutsewa. Ta biyu ta gwamnatoci. Ta uku ta gaggawa. Ta huɗu ta kowa da kowa. In saƙonni suka taru a ƙofa, na'urar ba ruwanta da wanda ya riga zuwa, babba take fara fitarwa, kuma muddin akwai babba ko guda a layi, ƙarami ba zai motsa ba. Na ɗaga hannu na ce, to in manyan ba su daina zuwa ba fa? Ya ce sai ƙaramin ya yi ta jira. Nan na tuna kasuwar auduga, yadda mahaifinmu zai iso da jakinsa tun da hantsi, motocin manyan dillalai su yi ta shigewa gaban sikeli, shi yana zaune kan buhunsa har kwana biyu. Raina ya ɓaci, ni da bakina ba ya shiru, na ce wannan ai zalunci ne aka koya wa ƙarfe. Na ce me zai hana bayan manya huɗu a bar ƙarami ɗaya ya wuce? Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ana iya saita ta haka, amma ba a cika buƙata ba, don layukansu ba sa cushewa. Na ce a raina, ba ka san layinmu ba.

A wata na biyu na haɗu da wanda ya yi mani sakiyar da ba ruwa. A tasha ya tare ni da "sannu da zuwa", baƙin mutum kamar ni, da 'yar Hausarsa ta kasuwa. Ya ce yana kai kaya Kano, sati mai zuwa zai tashi, kuma Funtua ai kan hanyarsa ce in ya bi ta Zariya. Baƙo ko da ido makaho ne. Na je na sayi zane biyu da 'yan kayan jarirai, na sami kaset na zauna na yi wa Hajara magana ita kaɗai, abin da ba zan iya sawa a wasiƙa ba. Don wasiƙa hannun Yaya Mamman take faɗawa, a zaure yake karanta ta da ƙarfi, maƙwabta suna tayawa da amin. A kaset ɗin na gaya mata burina, na rubuta sunan Inna a 'yar takarda na cusa cikin kwalin. Na damƙa wa mutumin nan har ina yi masa addu'a.

Na yi wata biyu hankalina kwance, ina ganin na sauke kaya. Sai wasiƙar Lasisi ta zo. Lasisi abokin aikina ne a ɗakin telgiram na Funtua, iyayensa Yarabawa ne masu kantin yadi, shi kuwa haifaffen garin ne, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Na tambaye shi a wasiƙar baya ko saƙo ya isa gida. Ya rubuto cewa ya je Tsiga da kansa, babu wanda ya ga ko zare, kuma wai tun yaushe na fara ba kura ajiyar nama? Na koma tasha na yi ta zarya kwana uku, mutum ya bi iska. Ba zannuwan ne suka dame ni ba. Muryata ce da sunan Inna suke yawo a hannun ɓarawo, ko ma an jefar da su a kwata. Na ajiye kunya na rubuta wa Lasisi komai, na roƙe shi ya san yadda zai sanar da Yaya. Amma wasiƙa a lokacin takan yi wata a hanya, ciki kuwa ya tsufa.

Sanyi ya shigo sosai, rana ta koma fitowa kamar mai jin kunyar surukai. A lokacin ne aka gama da mu a aji, aka rarraba mu babbar tashar da saƙonnin ƙasashen waje ke bi, aikin gaske ba gwaji ba. Mista Pita ya ba kowa ƙofar da zai kula da ita a ƙarƙashinsa. Ni ya ba ni ta goma sha huɗu, layin da ke tafiya Legas. Ya ce tun da gida nake kallo kullum, gara in kalle shi da dalili. Na san a gida ana tsinkar auduga, na san kwanakin Hajara sun cika. Duk saƙon da ya shigo sai in duba adireshinsa.

Ranar wata Lahadi layin ya mutu. Ba a gefenmu matsalar take ba, wani wuri ne can a tsakiya, ba mu da abin yi sai jira. Saƙonni suka yi ta taruwa a rumbunmu, na can gida ma suna taruwa a nasu. Litinin, Talata, Laraba, fitilar ƙofata tana ja. Abinci ya fita raina. Ranar Alhamis da hantsi fitila ta koma kore, saƙonni suka fara ɓarkowa, sai dai duk manya ne: ofisoshin jakadanci, bankuna, kamfanonin mai. Na wuni ina kallon goshin saƙonni, daraja ta biyu, ta uku, ta biyu, ta uku. Ta huɗu ko ɗaya. Jikina ya ba ni nawa yana can a ƙasan tulin.

Ranar Juma'a bayan na dawo daga ɗan ɗakin da muke sallah da wasu 'yan Maroko, sai na tarar ƙananan sun fara ɗigowa. Wajen ƙarfe uku nawa ya fito. Layi biyu ne: Hajara ta sauka lafiya ranar Asabar, mace, suna Asabar mai zuwa, Mamman. Na karanta, na yi hamdala, na zauna a ƙasa. Sai kuma na sake duba ranar. Asabar mai zuwa ai gobe ke nan, da sassafe.

Daga baya Lasisi ya ba ni labarin yadda aka yi. Yaya ya zo Funtua ranar Litinin, bayan ya sallami masu tsinkar auduga. Lasisi ya ce a buga shi da gaggawa, Yaya ya ce sam. Wai gaggawa ta mutuwa ce. Yaron nan yana can shi kaɗai cikin Turawa, ya ga takarda da jan hatimin gaggawa, ai kafin ya buɗe zuciyarsa ta buga. Abin alheri a hankali ake kai shi. Don tausayina Yaya ya sa saƙon a daraja ta huɗu, wasiƙata kuwa ba ta riga ta isa hannun Lasisi ba, balle ya san abin da ke cikin jinkirin.

Na ruga kantar karɓar saƙo na rubuta amsa, zuwa ga Lasisi, da gaggawa: a sa mata Sa'adatu, sunan mahaifiyata, ka kai wa Yaya yau. Na dawo gaban allona na ga saƙon ya shiga layin ƙofa ta goma sha huɗu. Daraja ta uku ce, amma tulin kwana huɗu na gwamnatoci yana gabansa, sababbi kuma suna ta shigowa suna tsallake shi. Na lissafa da irin gudun layin, na ga ba zai fita ba sai gobe da rana.

To ga allo a gabana, ga maɓallai a ƙarƙashin yatsuna, kuma na san yadda ake yi. Harafi ɗaya zan canza, saƙona ya koma daraja ta farko. Zai fita nan take, Legas ta miƙa shi ba tsayawa, Kaduna ma haka, kafin magariba yana hannun Lasisi. Na buɗe saƙon, na ɗora yatsa. Ban san Mista Pita yana tsaye a bayana ba sai da na ji numfashinsa. Na juyo na zayyana masa komai, da Turancina da ya kakkarye don ruɗewa: Inna, da Musawa, da kaset, da ragon da za a yanka gobe. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Garba, wannan harafin na wanda ruwa ke ci ne. In ka ara yau, gobe wani ma zai ara, ranar da mai shi zai zo sai ya tarar da layi."

Na ce, "Yallaɓai, ni ma ruwan ne ke cina."

Bai janye hannuna ba. Ya bar ni da allon. Na yi ta kallon harafin nan, ina jin haushin tsohon, ina jin haushin Yaya, ina jin haushin kunyata da ta jawo duk wannan. Na ɗauke yatsana. Har yau ban iya cewa tsoron Allah ne ko tsoron a kore ni gida da abin kunya, wataƙila duka biyun ne.

Sai ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Ya ce abin da na faɗa a aji ranar nan, yau ranarsa ta zo, kuma shi yana da ikon ba da izini. In saita ƙofar yadda bayan manya huɗu za a bar na ƙasa ɗaya ya wuce, ba nawa kaɗai ba, na kowa, kowa a kan layinsa. Daraja ta farko kawai za a bari yadda take. Na shigar da lambobin, ya duba sau biyu, ya ce in danna. Layin ya fara motsi. Saƙonnin da suka kwana huɗu a rumbu suka fara fita ɗaya bayan ɗaya, na 'yan makaranta, na 'yan kasuwa, na wasu angwayen ƙarni irina da ban sani ba. Nawa ya fita ana dab da tashi aiki. Na bi shi da ido har lambarsa ta ɓace daga allo. Daga nan kuma ba hannuna, don na'urorin da ke gaba ba ni na saita su ba.

Washegari Asabar ba aiki. Na dama kunu na zauna bakin taga ina kallon yayyafi, ina lissafin gida. Yanzu an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Yanzu liman ya iso. Yanzu ana raba goro. Ban san sunan da ake faɗa ba, ni uban yarinya. Ban taɓa jin nisa irin na wannan safiyar ba.

Saƙon ya isa Funtua da hantsi. Lasisi ya ce ko hula bai tsaya ɗauka ba, ya haye babur ya bi ta Bakori kamar zai tashi sama. Ya isa Tsiga ya tarar an feɗe rago, maza sun watse, maroƙi ya riga ya shelanta sunan jaririya, Hauwa'u. Ya miƙa wa Yaya takardar. Ya ce Yaya ya karanta, ya cire hularsa, ya zauna a dakali.

Sauran watannin na yi su ne kawai. Na ci jarrabawa, na mayar wa matar Mista Pita injinta, shi kuma ya raka ni har tasha, ya riƙe hannuna ya ce in gaida yarinyar. Na iso gida farkon damina, ana shuka, ita tana wata shida.

Bayan 'yan sannu da zuwa sun ragu, Yaya ya kira ni ɗakinsa. Ya sa aka kawo yarinyar, ya ɗora ta a cinyarsa, 'yar ɓul-ɓul da ita, tana cusa yatsu a baki. Ya ɗaga matashi ya ciro telgiram ɗina, duk ya yi laushi don ninkewa. Ya ce da ya san abin da ke raina da ko da ƙafa ne ya zo Funtua ranar da aka haihu, kuma laifinsa ne da bai tuna da Inna ba, ita da ta goya shi. Ya ce ya tambayi liman, an ce uba yana da iko ya canza suna, ba sai an sake yanka ba. Magana tana hannuna, in na ce a canza, gobe bayan sallar asuba zai sanar.

Na matsa kusa da ita. Tun da aka haife ni ban taɓa furta sunan mahaifiyata da bakina ba, ko a kaset ɗin nan rubuta shi na yi. Na sassauta murya na ce, "Sa'adatu."

Ba ta ko ɗago ba, tana ta wasa da maɓallin rigar Yaya. Na sake faɗa. Shiru. Yaya ya ga abin ya yi mani nauyi, ya so ya juyo da ita gare ni, sai bakinsa ya suɓuce ya ce, "Hauwa, ga babanki." Nan take ta waigo, ta washe baki, dasashi ba haƙori ko ɗaya.

Na daɗe ina kallonta. Wata shida tana jin wannan sunan daga bakin duk wanda ya ɗauke ta, ya yi mata wasa, ya lallashe ta, ni ina can ina kallon allo. Na ce wa Yaya a bar shi, ba sai ya sanar da komai ba. Na karɓi takardar na sa a aljihu, sannan na miƙa hannu biyu na ce, "Zo, Hauwa."

Ta dube ni, ta dubi Yaya, ta miƙo hannu.